A Wanke Shi Tas

Ni ce mai laifi tun farko, gara in faɗa da bakina kafin wani ya faɗa mini. Shekara biyu cur ina cewa gobe zan sayi filash in kwashe abin da ke cikin na'urar nan in adana a cikinsa, goben kuwa ba ta taɓa wayewa ba.

Na'urar gem ce, irin wadda ake jonawa da talabijin a buga ƙwallo. Ta yayana ce. Da aiki ya ɗauke shi zuwa Legas sai ya bar ta a falonmu a unguwar Sabo ta Ibadan, ya ce in kula da ita. Na kuwa kula da ita fiye da yadda ya so, don kafin ya zo hutun farko na riga na fi shi hannu. Ina koyarwa a wata firamare a gefen Mokola, ƙarfe biyu muke tashi, kafin la'asar ina gida. Baba kuma dillalin albasa ne a Kasuwar Shasha, yakan dawo da yamma da warin albasa har cikin hularsa. Ranar farko da ya tarar da ni a gaban talabijin tsaki ya ja, ya ce, "Wai malama ce wannan. Mace da ƙwallon yatsa!" Bayan mako guda ya fara tsayawa a bakin ƙofa yana gyara wa 'yan wasana tsayuwa. Bayan wata guda ya zauna, ya naɗe hannun riga, ya ce, "Miƙo mini abin nan in koya miki hankali."

Bai koya mini komai ba, Allah ya sani. Lallasa shi nake yi kullum. Amma Baba mutum ne mai baki, kuma bakin ne wasan. Zai fara yaba ɗan gabansa da Hausa, ya zagi mai tsaron bayansa da Yarbanci, ya koma yana roƙon alƙalin wasa da Turancin buroka kamar mutumin yana jin sa. Haka yake ciniki a kasuwa, haka ya kawo mana cikin falo.

Na'urar tana da wata ɗabi'a. Kullum tana riƙe da mintunan ƙarshe na wasan da ake yi, in ka danna wani ɗan maɓalli sai ta adana su. Yayana kuma ya ɗora wata 'yar kyamara mai makirfo a kan talabijin, don haka duk abin da aka faɗa a falon yana shiga. Ni don tsokana nake dannawa, in samu abin kunna wa Baba idan ya musa cewa ya sha kashi. Kafin in ankara na tara bidiyo sun kai talatin.

Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same shi. Ya ɗauke masa hannun dama da ƙafar dama, ya ɗauke harshen. Mutumin da ke cika kasuwa da magana ya koma kalma uku: "to", "a'a", da "Allah". Likitan gashin ƙashi ya ce a riƙa ba yatsunsa aiki, sai na zauna na juya maɓallan fad ɗin, wato abin da ake riƙewa a yi wasan, na tattara gudu da bugu da miƙa ƙwallo duk a ɓangaren hagu. Kowace safiya Baba yakan ɗora shi a cinya ya kara da na'urar da hannu ɗaya.

Muryarsa ta da kuwa ba ta rage a ko'ina ba sai cikin akwatin nan. Baba ba ya son a ɗauke shi a waya. Saƙonnin murya da ya taɓa turo mini suna cikin tsohuwar wayata, wadda ta sume na kai wa wani mai gyara, ya dube ta ya ce sai an wanke ta. Na ce a wanke mana, ina tsammanin goge-goge ne. Ya miƙo mini ita fayau kamar ranar da aka ƙera ta. A ranar na koyi cewa a bakin masu gyara, wanki ba ruwa da sabulu ba ne, share duk abin da ke ciki ne.

Ban taɓa gaya wa Umma zancen bidiyon nan ba. Na saita na'urar yadda sauti zai bi ta iyafis, abin sa wa kunne, kaɗai, in na ji kewa ta ishe ni sai in toshe kunnuwana in saurara ni ɗaya. Tsoro nake ji kada ta ji muryar ta karye, ita da ke riƙe da gidan da tuyar awara. Na ɗauka tausayi ne nake yi mata.

Wata Laraba ce cikin damina. Ruwan safe ya sauko da iska, aka ɗauke wuta Baba yana tsakiyar wasa, aka kawo, aka ɗauke, aka sake kawowa. Da talabijin ya dawo, babu fili babu 'yan wasa, sai baƙin allo da layukan Turanci. Baba ya yi ta nuna shi da hannu yana cewa a'a, a'a. Umma kuwa za ta iya jure komai ban da ganin ransa a ɓace. Dama ta daɗe tana mitar cewa abin yana gurnani kamar injin markaɗe, kuma ta san dalili: hayaƙin man tuyarta da ƙura sun cika shi. A wajenta, duk abin da ya ƙi aiki a gida datti ne ya yi masa yawa. Ana cikin haka ƙaninta ya leƙo karin kumallo, kawuna mai tuƙa keke napep, wanda ya zo Ibadan da gemunsa daga arewa. Ta naɗe na'urar a wankakken zane ta miƙa masa.

Na dawo ƙarfe biyu da rabi na tarar da wayoyi suna reto a ƙarƙashin talabijin.

"Umma, ina gem?"

"Na ba kawunki ya kai wa Bayaraben nan mai gyara a Mokola," ta amsa daga kicin, hankalinta kwance. "Na ce a wanke shi."

Jakata ta faɗi. Na ce, "A yi masa me?"

"A wanke shi tas, ciki da waje. Ke ba ki jin ƙarar da yake yi ne?"

Abin da na yi bayan nan ba na alfahari da shi. Na ɗaga wa mahaifiyata murya. Na ce wa ya aike ta, na ce me ya sa ba ta kira ni ba, na ce ta san abin da ta yi kuwa? Ta fito da cokalin tuya a hannu tana kallona kamar na zautu, ta ce, "Ikon Allah. Daga taimako? A kan abin wasan yara za ki tsaya kina yi mini tsawa?" Ba ta sani ba, kuma ni ce na hana ta sani, amma a lokacin zuciya ta riga ta ɗebe ni. Baba yana kujerarsa yana bin mu da ido.

Na kira kawu sau huɗu kafin ya ɗauka, ƙarar titi cike da wayar. Na ce, "Kawu, me ka ce wa mai gyara?"

"Abin da yaya ta ce mana. A wanke tas. Kwantar da hankalinki, ɗiyata, na faɗa masa da Hausa, na kuma maimaita masa da Yarbanci don kada ya ce bai gane ba."

"Tun yaushe?"

"Tun wajen sha ɗaya."

Innalillahi. Na fita ko takalmin makaranta ban sauya ba, na tare okada. Daga Sabo zuwa Mokola ba nisa, da ƙafa ma ana zuwa, amma ranar sai na ga kamar an ja titin. Ina bayan mashin ina lissafa abin da zai tafi: ranar da ya kira golansa malalacin banza da yare uku, ranar da ya yi waƙar cin nasara alhali ana cin sa huɗu da nema, dariyarsa mai ƙarewa da tari. Na ce wa ɗan okadan ya ƙara wuta, ya ce da Yarbanci, "Anti, asibiti za mu ne?" Na ce eh.

Shagon ɗan ƙarami ne, a tsakanin mai sayar da caja da mai ɗinkin takalmi. Mai gyaran dattijo ne mai furfura a gefen kai, da tabarau rataye a wuya. Ina shiga na hango zanen Umma a ninke a kan benci, na'urarmu a kan tebur, a jone, da wani farin layi yana rarrafe a allon talabijin. Ya wuce rabi.

Ban yi sallama ba. Na yi kan soket da niyyar fizge filogin, in ceci ko rabin abin da ya rage. Mutumin nan, da shekarunsa, ya yi wuf ya tura kujera tsakanina da bango ya tsaya a gaba.

"Anti!" ya daka mini tsawa da Yarbanci. "In kika taɓa wayar nan, ke kika kashe shi, ba ni ba."

"Wanke shi kake yi! Wa ya ce ka wanke? Muryar babana ce a ciki!"

"Ban wanke komai ba. Zauna."

"Ga shi ina gani da idona!"

"Abin da kike gani daban, abin da ake yi daban. Zauna, na ce."

Na zauna, ba don na yarda ba. Ni haifaffiyar Sabo ce, Yarbanci a bakina kamar Hausa yake, don haka da shi muka ci gaba. Ya ce wani mai keke ya kawo na'urar, ya ce masa da Hausa a wanke. Shi kuma Hausarsa ta shago ce, a wajen masu kawo waya ya koye ta, kalmar nan ma'ana ɗaya ya san ta da ita. Ya tambaya, duka? Mai keke ya ce tas. Har ya ɗauki fad zai shiga aiki, sai mai keken ya juyo daga bakin ƙofa ya ƙara masa bayani da Yarbanci.

A nan dattijon ya fara dariya har ya cire tabarau. A Yarbanci, kalmar wankewa da kalmar fasawa duk "fo" ce. In ka sauke murya, ka ce a wanke. In ka ɗaga ta, ka ce a farfasa. Mu da aka haifa a nan ba ma ko tunani a kai. Kawu kuwa, shekara goma sha yana garin nan, har yau muryarsa sama take tafiya kamar mai kiran fasinja.

"Ya dube ni ido cikin ido," in ji mai gyaran, "ya ce madam ta ce in farfasa shi da kyau, ciki da waje, kada in bar komai. Ya hau kekensa ya tafi. Na zauna na dubi abin nan. Da Hausa an ce in share, da Yarbanci an ce in fasa. Kuma wanda zai fasa abu ba ya naɗo shi a zane mai ƙamshin turare. Na ce saƙon nan ya yi hatsari a hanya. Ba zan yi abin da ba ya komawa baya ba sai mai shi ya zo."

Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ban san lokacin da na fara dariya ba, hawaye na zuba, ina nuna allon ina cewa to wannan layin fa, na mene ne?

Ya tambaye ni aikina, na ce koyarwa. Ya ce to, shi ke nan, zan gane. Baƙin allon da ya tsorata mutanen gidanmu ba mutuwa ba ce. A cikin na'urar akwai wani ɗan ƙaramin shiri da aka ajiye shi daban, ba ya cuɗanya da sauran, aikinsa kawai ya farka idan babban ya kasa tashi. Kamar maigadin makaranta ne, ya ce, ba ya koyarwa amma makullai na hannunsa. Wutar da aka yi ta ɗaukewa ta katse na'urar tana tsakiyar rubutu a faifan ajiyarta, ta farka ta tarar da rubutun a hargitse, sai ta ƙi yin gaba, ta kira maigadi. Layukan Turancin nan makullansa ne, an jera su daga mai sauƙi zuwa mai tsanani.

Na farkon kashewa da kunnawa ne kawai. Ya gwada, bai yi ba. Akwai na gyaran hoton allo da na sabunta manhaja, waɗannan ba su shafe mu ba. Sai wanda ke mayar da saiti yadda ya fito daga kamfani. "Wannan na taɓa shi," ya ce, "gara in gaya miki gaskiya. Duk wani tsari da kuka yi, na maɓalli ko na sauti ko na agogo, ya koma na asali. Amma kujerun aji kawai ya mayar layi, bai kori ɗalibi ko ɗaya ba." Na tuna maɓallan hagun Baba, na ce wannan mai sauƙi ne, yamma ɗaya ta ishe ni in sake su.

"Wanda ke tafiya yanzu kuma rajista ce," ya ce. Bidiyo da wasannin suna nan zaune a faifai, amma na'urar ba ta ganin su sai ta cikin wani jerin sunaye da ke gaya mata wane ne a ina. Jerin ne ya yage. Abin da take yi yanzu, tana bi kujera kujera tana tambayar kowa sunansa, tana rubuta sabuwar rajista. Ba ta goge kowa. Amma da na fizge filogi tana tsakiyar rubutu, da na maimaita mata abin da wutar safe ta yi, wataƙila ma fiye.

Na dubi hannuna. Garin neman gira saura ƙiris in rasa ido.

Na ce, "To wankin fa, wanne ne?"

Ya nuna ƙasan allon da bakin sukudireba, inda layuka biyu na ƙarshe suke zama. Na farkonsu yana sallamar kowa da kowa, ya ƙone rajista, na'ura ta koma kamar ba a taɓa kunna ta ba. Na biyun yana yin haka, sannan ya sauke ita kanta manhajar a ɗora sabuwa. Na ce ba a iya ciro faifan a karanta a kwamfuta, a tsinci abin da ya saura? Ya girgiza kai. Ya ce duk abin da na'urar ta rubuta a kulle take rubuta shi, da makullin da ita kaɗai ta sani, wata na'ura ba ta iya karantawa. In aka danna ɗayan biyun nan, ko shi da ya shekara ashirin a sana'ar ba shi da abin da zai yi mini sai jaje.

"Sau biyu take tambaya kafin ta yi," ya ce. "Amma da mai kekenku ya tsaya a Hausa, da na amsa mata sau biyun."

Muka zauna muna kallon layin. Bai fi minti ashirin ba, amma na karanta duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Layin ya cika, allo ya yi duhu, na'urar ta yi ɗan ƙara ta farka da shuɗin allonta na kullum. Ya miƙo mini fad. Na shiga ma'ajiyar bidiyo.

Suna nan. Duka. Na ƙirga su sau biyu kamar 'yan ajina a ranar fita yawon buɗe ido. Talabijin ɗin shagon ba shi da lasifika, don haka ban ji komai ba, amma ya ce sautin yana tare da hoton, ba a raba su. Wallahi jikina har wani sanyi ya yi, irin na wanda zazzaɓi ya saka.

Ban bar shagon ba sai da na leƙa wajen mai caja na sayi filash biyu, muka kwashe komai a kowanne. Sannan dattijon ya kwance na'urar, ya nuna mini fankarta. Umma ta yi gaskiya: ƙura da maiƙo sun yi mata dabe. Ya sa buroshi da iska ya share ta tas, ciki da waje. Ya ce in gaya wa madam an yi wankin da ta aiko a yi, in kuma gaya wa mai keke ya riƙa sauke murya.

Na dawo gida da ƙafa, na'urar a rungume cikin zanen. Na wuce kicin kai tsaye na durƙusa na ce, "Umma, ki yafe mini. Na yi rashin kunya." Ba ta juyo ba, tana juya awara a mai. Ta ce, "Ya wanku?" Na ce ya wanku. Ta ce, "To. Je ki haɗa wa babanki, tun safe yake zaune haka nan."

Na jona wayoyin, Baba yana kallona. Kafin in fara gyara masa maɓallai sai na ce bari in tabbatar da sautin nan da kunnena. Na soka iyafis a fad kamar yadda na saba, na zaɓi bidiyon da na fi so, na ranar da ya taɓa cin ni sau ɗaya tak a rayuwarsa, na danna.

Na manta an mayar da saiti na asali. Sautin bai bi ta kunnena ba. Ta talabijin ya fito, da ƙarfinsa, ya cika falon har tsakar gida.

"Ta shiga! Wallahi ta shiga! Hajiya! Hajiya, fito ki ga abin da na yi wa 'yarki!"

"Na'am, Alhaji!"

Daga kicin amsar ta zo, nan take, kafin in kai hannu in kashe. Sai a bayanta wata muryar Umman ta fito daga talabijin, daga nesa, tana cewa, "Mai na kan wuta, ina zuwa."

Ta shigo da gudu, cokalin tuya a hannunta yana ɗigar mai. Ta dubi Baba. Bakinsa a rufe yake, ɓarin hagu na fuskarsa yana dariya, kafaɗarsa tana girgiza. Ta dubi talabijin, inda muryarsa ke ci gaba da yi mini tsiya da Yarbanci. Sannan ta dube ni, ta daɗe tana dubana, na sunkuyar da kai.

Na ce, "Sun kai talatin, Umma. Tsoro na ji in nuna miki."

Ƙaurin awara ya fara shigowa falo, na yunƙura zan je in sauke, ta ɗaga mini hannu. Ta ajiye cokalin a ƙasa, ta zauna a kan tabarma kusa da ƙafar Baba, ta gyara ɗankwalinta.

"Bar shi ya ƙone," ta ce. "Mayar da shi farko. Ranar ban fito na gani ba."

Baba ya ce, "To."